Waya Ɗaya, Ɗalibai 70: Waɗanne Shafukan Intanet Ne Za Su Amfani Malami?

Tambaya: Ina koyar da Lissafi da Fiziks a wata sakandaren gwamnati. Ajina ya haura ɗalibai 70, ɗakin gwaje-gwajenmu ba kayan aiki, wuta kuma sai an yi sa'a. Abin da nake da shi wayata ce ta Android kawai. Kullum ina jin ana cewa intanet cike take da kayan karatu kyauta. Don Allah waɗanne ne za su amfane ni da ɗalibaina, musamman masu shirin WAEC da JAMB? Ina kuma da yara ƙanana a firamare da nake so karatun Hausa ya zauna musu.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Abin da ka ji gaskiya ne, kayan karatu kyauta sun yi yawa a intanet, har yawan nasu kansa ya zama matsala. Sai dai galibinsu an gina su ne da tunanin yaron da ke da kwamfutarsa shi kaɗai, da intanet da ba ta yankewa. Kai kuwa waya ɗaya gare ka, data kuma daga aljihunka take fita. Don haka duk shafin da aka yaba maka, ka yi masa tambaya biyu. Zan iya sauke abin da ke cikinsa sau ɗaya, in ci gaba da aiki da shi ko babu sabis? Kuma yana tafiya da abin da za a tambayi yarana a jarrabawa? Wanda ya amsa duka biyun ka riƙe shi da kyau, sauran ka bar su sai hali ya yi. Ka ɗauki intanet kamar rijiya mai nisa da gida: ana zuwa a ɗebo a cika randa, ba a tafiya can duk lokacin da aka ji ƙishi. Randarka ita ce memorin wayarka.

Zan fara da abin da na fi jin takaicin yadda malamai suka yi watsi da shi, wato rahoton manyan masu makin jarrabawa na WAEC. Bayan kowace jarrabawa, shugabannin masu maki na kowane darasi suna rubuta abin da suka gani a takardun ɗalibai, hukumar kuma ta ɗora shi kyauta a sashen koyo na shafinta na Najeriya. Za ka zaɓi darasi, ka zaɓi shekara, ka zaɓi takarda, sannan ka danna lambar tambaya. Sai ga tambayar, ga amsar da ake so, ga kuma bayanin inda ɗalibai suka yi tuntuɓe. Idan ka karanta na Lissafi da Fiziks na shekaru uku ko huɗu a jere, za ka ga ƙorafin kusan ɗaya ne yake maimaituwa. Yaro ya yi lissafi daidai amma ya bar amsa ba ma'auni, ba mita ba sakan ba. Ya taƙaita lamba tun a tsakiyar aiki, amsar ƙarshe ta kauce. Ya zaɓi sikelin da ya matse masa jadawalin zane a kusurwar takarda, ko ya manta bai rubuta sunan layin tsaye da na kwance ba. Da yawa kuma suna gudun tambayoyin jiyometiri gaba ɗaya. Malam, waɗannan makin da ake zubarwa ba don yaro bai gane darasi ba ne, don ba wanda ya taɓa nuna masa yadda mai maki yake kallon takarda. Kafin ka shiga kowane babi, ka duba abin da rahoton ya ce a kansa, ka gina aikin aji a kan ainihin kurakuran nan. Rubutu ne zalla, ba ya cin data, kuma kana iya ɗaukar hoton fuskar waya ka ajiye.

Ta ɓangaren JAMB, hukumar tana da shafin da take kira IBASS, inda ta zuba manhajar kowane darasi da kuma jerin darussan da kowane kwas ke buƙata a kowace makaranta. Wannan na biyun ka zauna da ɗalibanka ku duba tun kafin su sayi fom, domin akwai yaran da suke cin maki mai kyau amma su rasa gurbi saboda sun haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin da suka nema ba. Jarrabawar kanta tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Wannan za ka iya horar da su a kai ko ba kwamfuta: ka rubuta tambayoyi 40 a takarda, ka sa agogo minti 27, lokaci na cika ka karɓe. Amma tsoron kwamfuta ma abu ne na gaske. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, hannunsa na rawa ranar jarrabawa, sai minti goma su tafi a banza. Ka sanar da su cewa da haruffan kibod kaɗai ana iya yin jarrabawar, A, B, C, D don zaɓen amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya. Wanda iyayensa ke da hali ya yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaskiyar. Akwai manhajojin waya masu tsofaffin tambayoyi da ke aiki ba data, suna da amfani, sai dai ka warware tambayoyin da kanka kafin ka ba yara, saboda ana samun amsoshin da ba daidai ba a cikinsu. Masu buɗe zaure a WhatsApp da Telegram kuwa suna cewa a turo kuɗi za su ba da amsa kafin jarrabawa, ka gaya wa yaranka ƙarara cewa 'yan damfara ne, kuma wanda aka kama da satar amsa sakamakonsa ake riƙewa ko a soke.

Yanzu ga maganar rashin ɗakin gwaje-gwaje, wadda na san ita ta fi ci maka tuwo a ƙwarya. A nan babu abin da zan gabatar a kan PhET. Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka ce ke da shi, wanda ya kafa shi kuma a 2002 shi ne Carl Wieman, masanin Fiziks da ya ci kyautar Nobel a 2001. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi. A shafinsu kyauta ne, kowane gwaji kana iya sauke shi a matsayin fayil guda, ka buɗe shi a burauzar waya ba tare da intanet ba.

Bari in nuna maka ɗaya kusa da kusa, na haɗa da'irar lantarki. Fili ne, a gefe ga batir, ga ƙwan fitila, ga wayar wuta, ga makunni. Da yatsa za ka jawo batir, ka jawo ƙwai biyu, ka haɗa su a jere ɗaya bayan ɗaya. Ka rufe makunni, ƙwan su kama, ka ga 'yan ɗigo suna zagaya wayar. Kada ka yi saurin ci gaba. Ka juya ka tambayi aji: idan na cire ƙwai ɗaya, me zai sami ɗayan? Kowa ya rubuta hasashensa a littafi tukuna, a ɗaga hannu a ƙirga masu cewa zai mutu da masu cewa zai ƙara haske. Sannan ka cire. Ya mutu. Sai ka sake haɗa su, wannan karon kowane ƙwai da tasa hanyar zuwa batir, ka maimaita tambayar. Ka cire ɗaya, ɗayan yana nan da haskensa. Daga nan ka tambaye su, to gidajenmu da wanne aka yi musu wayarin, tunda ƙwan zaure yana ƙonewa na tsakar gida bai mutu ba? Za ka ga fuskoki sun buɗe. Akwai na'urar auna ƙarfin wuta da ta auna gudunta a ciki, ka ɗora su, yara su cika jadawali da lambobi, su zana, su fito da dokar Ohm da hannunsu. Idan kuma ka haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye ba ƙwai a tsakani, batirin zai kama da wuta a fuskar wayar, darasin da ba za ka so ka nuna da kayan gaske ba. Sirrin duk yana cikin hasashen nan da suke rubutawa kafin su gani. Idan ka tsallake shi, kallo kawai suka yi.

Na san za ka ce yaya yara 70 za su kalli waya ɗaya. Ka raba su rukuni rukuni, mutum 8 ko 10. Ka zana da'irar a allo ka ba kowa aikin hasashe da lissafi, rukuni ɗaya ya zo teburinka ya gani ya taɓa na 'yan mintuna, ya koma, wani ya zo. Idan makaranta na da majigi a sito yana shan ƙura, wannan dalili ne na zuwa wurin shugaban makaranta a fito da shi. Kuma ina roƙonka kada kwaikwayon ya sa ka bar abin da za ka iya yi da hannu. Batirin tocila biyu, ɗan ƙwai da guntuwar waya ba su fi ƙarfin aljihu ba, zare da dutse kuma sun isa gwajin lilo. A jarrabawar aikin hannu ta WAEC, kayan gaske za a ajiye wa yaro a gabansa.

A Lissafi, abokin PhET shi ne GeoGebra, wanda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 yana ɗalibi a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya. Manhajarsa ta waya kyauta ce, tana aiki ba data. Ka rubuta y = ax² + bx + c, zai ba ka maja uku, wato layukan da ake ja da yatsa a sauya lamba, na a da b da c. Kana jan a daga 2 zuwa ƙasa, zanen yana buɗewa a hankali, ya miƙe ya zama layi idan a ta kai 0, ya kife idan ta wuce ƙasa da sifili. Abin da za ka zana sau shida a allo alli ya ƙare, ga shi cikin daƙiƙu. Yana kuma taimaka maka kai kanka wajen tabbatar da amsa kafin ka shiga aji.

Khan Academy, mai darussa a bidiyo, kusan kowa ya ji sunanta. Salman Khan ya kafa ta a 2008 bayan ya fara da koya wa 'yar'uwarsa lissafi daga nesa, kuma har yau kyauta ce. Ra'ayina a kanta shi ne ta fi amfanar ka fiye da ɗalibanka. Turancin Amurka ne mai sauri, jerin darussan kuma na makarantun can ne, yaron da Turancin aji ma yake ba shi wahala zai gaji ya rufe. Kai ka kalli bidiyon da daddare, ka ga ta inda ya ɓullo wa babin, gobe ka shiga aji ka yi bayanin da bakinka, ka warware da Hausa inda ya cije sannan ka mayar da su kan kalmomin Turancin da za su gani a jarrabawa. Manhajar tana ba da damar sauke bidiyo a ajiye. Don littattafai, OpenStax na Jami'ar Rice yana da cikakkun littattafan Fiziks da Lissafi kyauta, cike da misalai da tambayoyin da za ka iya ara. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, ita ma ta saki littattafan kwasakwasanta kowa ya sauke. Sannan akwai TESSA, shirin da Open University ta Birtaniya ta fara a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Shi an rubuta shi ne musamman don malami mai babban aji da ƙarancin kayan aiki, kuma akwai shi da Faransanci da Larabci, don haka 'yan'uwanmu malamai na Nijar ma za su amfana.

Idan har makarantarku tana da ko da laftof ɗaya mai rai, akwai matakin da ya fi duk waɗannan. Kolibri manhaja ce ta wata ƙungiya mai suna Learning Equality. Ana girka ta a kwamfuta ɗaya, a kai ta inda akwai intanet mai ƙarfi a zuba mata darussan Khan Academy da PhET da littattafan yara, a dawo da ita makaranta. Daga nan duk wata waya ko kwamfuta da ke kusa za ta iya shiga ta hanyar Wi-Fi na cikin gida ba tare da an taɓa data ba, malami kuma yana ganin wanda ya yi aiki da inda ya maƙale. Kiwix ma haka yake, shi Wikipedia yake ɗauke wa mutum ya ajiye a waya ko kwamfuta. An fara shi a 2007, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro shi a Mali yake zaune, ya san matsalar sabis irin tamu. Wannan aiki ne da ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya ɗaukar nauyinsa, da ƙaramin sola.

Ka duba shafin karatu na Nigeria Learning Passport ma, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Fifikonsa a kan na waje shi ne a kan manhajar karatun Najeriya aka tsara shi, daga firamare zuwa sakandare, kuma akwai darussa da Hausa. Ingancin darussan ya bambanta, ka riƙa dubawa kafin ka tura wa yara.

Sai maganar yaranka na gida, wadda ta faranta mini rai. Yaron da ya fara iya karatu da harshen da yake magana da shi, karatun Turanci yana zuwa masa da sauƙi, domin dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyon ta. Matsalarmu a da ita ce rashin ƙananan littattafai masu hotuna da Hausa. Yanzu African Storybook, na wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, da Global Digital Library, da Bloom Library, duk suna da labaran yara da Hausa, an jera su mataki mataki, daga mai jimla ɗaya a shafi har zuwa mai sakin layi. Ka zaɓi wanda yaro zai iya karanta kusan dukkan kalmominsa ba tare da ya tsaya ba, ko da kana ganin ya yi masa sauƙi. Ka sauke, in da hali ka kai shagon fotokofi a buga maka, a ninke a ɗinke, domin takarda ba ta da caji kuma ba saƙon da zai shigo ya ɗauke masa hankali. Ka fara karantawa kai tukuna. Wasu labaran fassara ce daga Turanci, Hausar ba ta faɗa ba, wasu kuma an rubuta su ba ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, abin da ke rikita mai koyo. Lasisin African Storybook da StoryWeaver ya ba ka damar gyarawa ko fassara sabon labari ka ɗora, kuma malami irinka shi ya fi cancanta ya yi. Kibod ɗin Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ duka. Idan kuma kana taɓa koyarwa a Islamiyya da yamma kamar yawancinmu, Quran.com yana da karatun alarammomi aya aya, Maktaba Shamila kuma ta tattara dubban littattafan Larabci da ake iya bincika kalma a cikinsu.

Ba zan tsallake maganar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ba, tunda ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, Meta AI kuma yana cikin WhatsApp ɗin da ke hannun ɗalibanka. Tana da amfani ga malami: ka ce ta ba ka tambayoyi 20 a kan babi, ko ta tsara maka gangar jikin darasi, cikin minti ɗaya ta gama. Amma tana kuskure a lissafi, tana faɗin kuskuren da cikakken ƙarfin gwiwa, tana kuma iya ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su. Hausarta ma har yanzu da sauran gyara, haka ta Google Translate, duk da an saka Hausa a cikinsa tun 2013. Duk abin da ta ba ka, ka warware da alƙalaminka kafin ya hau allo. Ɗalibai kuwa za su kwafo aikin gida daga gare ta, wannan ba makawa. Maganinsa shi ne ka riƙa kiran yaro ya fito allo ya yi bayanin layi ɗaya daga cikin abin da ya kawo. Idan kai kanka kana ƙarin karatu, African Journals Online da Google Scholar su ne wurin neman maƙaloli na gaskiya, Zotero kuma ya tsara maka manazarta kyauta.

Wajen isar da kayan ga yara, zauren WhatsApp na aji ya wadatar, amma da sharaɗi. A sanar da shugaban makaranta da iyaye, a saita shi ya zama kai kaɗai ke turawa sai lokacin da ka buɗe don tambayoyi, kuma kada ka riƙa hira da ɗalibi ko ɗaliba a keɓe, komai ya kasance a bainar zaure. Manyan fayiloli kada ka sa kowa ya sauke da datarsa. Ka sauke kai ɗaya, da garaɓasar data ta dare idan layinka yana da ita, ka tura wa mutum biyu ko uku ta Xender ko Bluetooth, su kuma su yaɗa. Google Forms yana iya yi maka gajeren gwaji ya yi maki da kansa, ya nuna maka tambayar da aji ya fi faɗuwa, sai ka san inda za ka koma ranar Litinin.

Sai dai ka ƙirga, Malam, cikin yaran nan 70 nawa ne waya ke isa hannunsu a gida. Za ka tarar da yawa sai sun jira yaya ko baba ya dawo da dare, wasu kuma, musamman 'yan mata, ba a ba su ko kaɗan. Saboda haka duk abin da ka tura a zaure, washegari ka rubuta shi a allo ko ka manna kwafinsa a bangon aji, kuma kada ka taɓa ba da makin gwaji na zango a kan aikin da sai mai waya ne zai iya yi.